Muryar da Inna Tsahara Ta Riƙe

Ina tsugune a tsakar gida ina wanke gemun wasa da ruwan toka sai Illa ya yi sallama. Illa ɗan ƙanen Inna Tsahara ne, yakan kawo gero Birni daga Takieta a kan jakai. Da na ga bai nemi ruwa ba, bai kuma tambayi mutanen gida ba, sai na ajiye gemun.

Ya ce, "Yaya Barira, sai haƙuri. Inna ta cika. Mun kai ta makwancinta."

Na yi innalillahi. Sannan na ce, "Ta bar mini saƙo?"

"Ba ta bar ba. Ta dai yi ta tambaya ko an gama yankan gero. Ta ce in an gama za ki zo."

Ba a gama ba. Gero yana tsaye a gonaki ranar nan, ni kuma na riga na ɗaure ɗan ƙullina ina jira.

Ke Laure da ke Indo, kuna nan aka faɗa, kun zo ne in koya muku kwaikwayo. Kun yi mai tallan nono a bakin rijiya, mata sun yi dariya, shi ke nan kuka ɗauka kun kama sana'a. Ban ce muku komai ba ranar. Yanzu na je Takieta na dawo, zan gaya muku wace ce Inna Tsahara, da abin da na yi niyyar zuwa in karɓa a wurinta. Muryar uwata ce. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san ta.

Garinmu ɗan ƙauye ne gabas da Zermu, yanzu kufai ne. Mahaya suka faɗa mana da rani, da hantsi, maza suna wajen yasar rijiya. Lokacin ko famfara ban yi ba. Suka kwashe mata da yara, a kasuwar Birni aka raba mu. Uwata, Hajo, aka haɗa ta da ayarin da ya yi arewa, har yau ba wanda ya kawo labarinta. Ni da Tsahara gida ɗaya ya saye mu, gidan wani attajiri a unguwar Zango mai fataucin fatu da gashin jimina. Tsahara ƙawar uwata ce, danga ɗaya ta raba gidajensu, tare suka yi 'yanmatanci. Ni ban riƙe fuskar uwata ba, ban riƙe muryarta ba. Na tashi ina ce wa Tsahara Inna, ita kuma tana ce mini Bari.

Aikinta na farko ba wanda ya sa ta. Tana niƙa a bayan madafa, sai ta ɗaga murya ta kira ruwan alwala da muryar maigida, har da ɗan kakin da yake yi kafin ya kira mutum. Baran gidan ya sheƙo da buta, ya zagaye zaure bai ga kowa ba, don maigida yana Agadas tun wancan wata. Uwargida ta fito ta tsaya a kanta. Mu duka muka ɗauka bulala ce. Sai ta ce, "Ke baiwar Allah, sake yi in ji." Ta sake. Uwargida ta zauna a kan turmi tana share hawaye don dariya. Daga ranar ba a ƙara sa Inna niƙa ba. Duk bikin da uwargida za ta, da ita take zuwa, ni kuma ina biye da ƙullin kaya a ka.

Aikin iri biyu ne. Akwai wasan fili, wanda ake yi a tsakar gida, mata sun kewaye ki, suna ganin ki tun daga ƙafa har ka. Akwai kuma wasan asabari, wanda ake yi in da maza a wurin, ko in gidan masu kunya ne. A rataya asabari a ƙofar ɗaki, ki shiga ciki, ba a ganin komai naki, murya ce kawai take fita. Na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. A fili in murya ta kuɓuce miki sai ki rufe da tafiya. A bayan asabari ba ki da abin rufewa.

Kayan aikin ba su da yawa, kun gan su. Gemun nan na gashin akuya ne, an ɗinka shi a kan tsumma. Toka don furfura. Ƙwarya a ɗaura a ciki in attajiri za a yi. Tsohon rawani, sanda, ƙwallon goruba da aka goge ya yi santsi, a sa a kunci don murya ta yi kauri. Tulu marar ruwa a yi magana a bakinsa in ana son murya ta fito kamar daga cikin zaure. Da safe ruwan ɗumi da 'yar kanwa a kurkure maƙogwaro, ranar aiki kuwa ba tsami, ba yaji. Duk wannan ana koyonsa cikin kasuwa ɗaya zuwa ta gaba. Abin da ya ci mini shekaru shi ne kallo.

Ranar da ta fara koya mini, ta kai ni kasuwa ta zaunar da ni gindin tsamiya kusa da rumfar mahauta. Ta ce, "Kada ki kalli bakin kowa. Ƙafa za ki kalla." Damina ta wuce, rani ya wuce, ƙafafu nake kallo. Wa yake taka dunduniya, wa yake jan ƙafa, wa yake tafiya kamar ƙasar tasa ce, wa yake tafiya kamar aro aka ba shi. In mun koma gida sai ta ce in yi mata wane. Wata rana na yi mata wani mahauci mai ƙiba, na buɗe ƙafafu ina rangaji.

Ta ce, "Wannan wane ne?"

Na ce, "Mahaucin nan ne mai jar hula."

"Au, ni na ɗauka agwagwa ce ta haɗiye faifai. Ke 'yar nan, mutumin nan ba ƙiba ce take buɗe masa ƙafa ba. Tun yana yaro yake taka jini da tumbi a ƙasa, tsoron santsi yake yi. Koma ki ga yadda yake kafa yatsu."

Na koma, haka ne kuwa. A wurinta mutum kashi huɗu ne, kuma bi da bi take bayarwa: ƙafa, sannan hannu, sannan tari ko dariya, murya ce ƙarshe. Ba ta ba da na gaba sai na baya ya zauna.

Akwai ƙa'idar da ku ba ku sani ba, shi ya sa mai nonon da kuka yi ta daina gaishe da uwayenku. Ba a kwaikwayon mutum mai rai sai an aika masa da goro. In ya karɓa ya ci, ya yarda ke nan. In ya maido, an bar shi har abada, ko wa ya roƙa. Wani babban mahauci ya maido mana da goro, har da saƙon cewa wuƙarsa ba ta san wasa ba, ba mu taɓa shi ba har ya mutu. Wani wanzami kuwa ya ci goron, ya biyo mu gida ya zauna a zaure ya ce a yi ya ji. Da Inna ta gama daga bayan asabari sai ya ce, "Kin ɓata ni, Tsahara. Ni ba na cewa sannu kafin in tsaga mutum, sai bayan na tsaga." Ta gyara. Wanzamin nan ya ciyar da mu shekaru, don ba bikin da ba a ce a yi shi ba.

Aikin da ya ɗaga ta shi ne na fada. Bayan kaka matan cikin gida sukan yi wasansu, a kwaikwayi sarakuna da fadawa, a yi zaman fada na ƙarya. Aka aiko a kawo Inna ta yi wani babban jarumi na Sarki. An kai masa goro ya ci yana dariya, ya ce mace ba ta iya shi. Inna ta bi shi da ido daga masallaci zuwa ƙofar fada har ta ga abin da yake ɓoyewa: kibiya ta taɓa samunsa a cinya, yana ɗan ɗingishi, sai ya riƙa juya kafaɗa yana gyara riga don kada a lura. Ta shigo fili da rawani da gemun nan, ta yi taku kaɗan, ta juya kafaɗa. Ba ta ce uffan ba wurin ya kaure da guɗa. Da ta buɗe baki ta yi kirarinsa, wata tsohuwar jakadiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɗauka shi ne ya shigo cikin mata. Kashegari ya aiko mata da zane mai kyau, da saƙo: muryar ta ɗauka ya ba ta, ɗingishin ta bar masa. Ba ta ƙara yin ɗingishin ba. Da abin da ta samu a fada ta fanshi kanta, ta fanshe ni, muka kama ɗakin nan da kuke zaune.

Na riga na zama budurwa ranar da ta fara ba ni uwata. Muna dawowa daga rijiyar bayan gari, tana gaba da tulu, sai na ga tafiyarta ta sake. Ƙafar hagu tana ɗan karkata ciki, taku gajere, da sauri, kai a miƙe.

Na ce, "Inna, wace ce wannan? Ban san ta a kasuwa ba."

Ba ta juyo ba ta ce, "Hajo ce. Kurkunu ya taɓa kama ta a idon sawu. Biyo ni, ki taka inda na taka."

Na bi ta har gida. Na ɗauki ƙafar cikin 'yan kwanaki, ban taɓa ɗaukar ta wani da sauri haka ba. Da shekara ta kewayo ta ba ni hannun: yadda take goge tafi a ƙugu in ta gama daka, da yadda take jan kunnen dama in tana lissafin abin da za ta dafa. Dariyar ma ta ba ni rabi, ta ce Hajo ba ta buɗe baki, ta hanci take yi. Na ce saura murya. Ta ce, "Ba a gudu da wannan. Bari kaka ta zo."

Kakar ba ta zo ba. Ruwa ya ɗauke lokacin da gero ya yi ciki, ya bushe a tsaye. Bayan yunwa agana ta shigo. Mazan da suka rage aka kwashe su aikin ganuwa, suna ɗaukar ƙasa da cikin wofi. Ba aure, ba suna sai a ɗaki a raɗa wa yaro a kunne. Wa zai kira mai ba da dariya? Muka sayar da zanen jarumin, muka sayar da rawani. Muka ci dusa, muka ci anza da aka jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Inna ta rame har gemun nan ya daina zama a haɓarta.

A cikin wannan hali wata tsohuwa ta zo, Babarbariya daga cikin Birni, ana ce mata Ya Fanna, Ya kuwa uwa ke nan a bakinsu. Ɗanta ɗaya, Mamadu, mai ɗaurin kayan raƙuma, ya bi ayari ya yi arewa, ayarin ya dawo ba shi. Wasu suka ce ƙishirwa ce, wasu suka ce zazzaɓi. Ta ajiye ƙwaryar gero a gabanmu, gero tsaba, wanda muka manta kamarsa.

Ta ce, "An ce kin san yarona."

Inna ta ce, "Na san shi, Ya. Yakan zauna wajen masu igiya."

"To ki yi mini shi sau ɗaya. Ba wasa nake so ba. In ji shi kawai."

Inna ta ce, "Ba wanda zan aika wa goro."

"Ni na haife shi. Kawo goron in ci."

Inna ta dubi geron, ta dube ni. Na san abin da ta gani, don a lokacin in na tashi tsaye sai na dafa bango. Bayan azahar muka tafi gidan. Na rataya asabari a ƙofar ɗakin Mamadu, Inna ta shiga, tsohuwar ta zauna a tabarma a tsakar gida. Sai muka ji takun mutum ya gaji, aka ajiye kaya a ƙasa, aka yi ɗan tsaki. Sannan murya ta fito, da 'yar in'inar da yake yi a farkon magana: "Ya, na dawo. Da ruwa a randa?"

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Tsohuwar nan da ba ta tashi sai da sanda ta miƙe ta yi tsalle ɗaya ta fizge asabarin, igiyar ta tsinke. Ta tarar da Inna a tsugune da ƙwallon goruba a kunci. Ta ture ta gefe. Ta ɗaga tabarma, ta leƙa bayan randa, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta fito ta kama zanen Inna tana cewa, "Ina kika kai shi? Yanzu na ji shi."

Daga ranar kullum tana ƙofar gidanmu. Ba ta zagi, ba ta kuka. In Inna ta fito sai ta ce, "Tsahara, fito mini da shi ya sha ruwa." Danginta su zo su tafi da ita, gari na wayewa ta dawo. Haka ta yi har ruwan farko ya sauka, aka same ta a jingine da bangon zaurenmu ta cika. Geron kuwa mun cinye shi, shi ya kai mu damina.

Ranar da aka binne ta Inna ta ce, "Na yi wa Allah alkawari, ba na ƙara ba mai rashi muryar wanda ya rasa."

Na ce, "Har ni, Inna?"

Ta ce, "Ke ce ta farko."

Muka koma aiki da gari ya warware. Mun yi gidajen Birni, mun yi na Zango, an kai mu Mirya, an kai mu Damagaram Takaya a kan shanu. Na zama ni nake yin fili, ita tana yin asabari. Na yi aure, mijin ya rasu, na dawo ɗakinta. A tsawon wannan zama nakan tambaye ta, ba kullum ba. In na tambaya sai ta ce in miƙo mata kanwa, ko ta ce wuta tana cin tuwo. Na gwada ƙirƙiro muryar da kaina, in ɗora ta a kan ƙafar da hannun. Ta ji ni wata rana ta ce, "Bari, daina. Wannan ba kowa ba ce."

Aikinta na ƙarshe wani suna ne a unguwar majema. Haƙoranta na gaba sun zube, iska tana fita ta wurin. Ta shiga bayan asabari ta yi wanzamin nan da ya ciyar da mu. Ta gama, ba wanda ya yi dariya. Sai wata yarinya, ba da mugunta ba, ta ce, "Wa take yi ne?" Wanzamin ya daɗe da mutuwa, waɗanda suka san shi sun bi shi, muryar kuma ta zama ta tsohuwa kawai. Inna ta fito ta miƙa mini ƙwallon gorubar, ta ce, "Wanke ki ajiye." Ba a yi wata ba ta aika wa ƙanenta, wanda ya tsira ranar harin ya zauna Takieta, aka zo aka tafi da ita.

Ku gane wannan tun yanzu. Masaƙi in ya mutu zanensa yana jikin mutane. Waɗanda suka ɗauki ƙasar ganuwa sun mutu, ganuwar tana nan kuna wucewa ta ƙofarta. Mu ba ma barin komai. Matar da ta sa jakadiya rufe fuska a cikin fada, yau in kun tambayi matan Birni ba za ku sami biyar da suka tuna sunanta ba.

Da daminar bana Illa ya kawo mini saƙonta. Ta ce in zo bayan girbi, in akwai abin da za a ba baƙo, don rumbunsu ya yi ƙasa. Ta ce a gaya mini ta yi tunani, ta tambayi malamin garin yadda ake warware alkawari, ta yi azumin da ya ce. Ta ce, "Ku ce wa Bari ta tsufa yanzu, ba za ta yaga asabari ba. Ta zo ta karɓi uwarta." Shi ne na ɗaure ƙulli nake jiran a gama yankan gero.

Na bi Illa muka tafi gaisuwa. Aka nuna mini kabarin, aka nuna mini ɗakinta, ba komai ciki sai tabarma da buta. Matar Illa, Atta, ita ta yi jinyarta. Muna zaune tana sussukar gero na ce ta ba ni labarin kwanakin ƙarshe.

Ta ce, "Ba ta wahala ba, Yaya. Sai dai abu ɗaya da ya riƙa ba mu tsoro. In ta idar da sallar walha sai ta juya ta fuskanci bango ta riƙa magana da wata murya, ba tata ba. Ta mace ce, yarinya-yarinya. Ta yi, ta tsaya, ta yi tsaki, ta sake. Na ce ko iska ce, Illa ya ce a'a, gwaji take yi, haka masu sana'arsu suke."

Na ce, "Me take cewa?"

"Abu ɗaya ne kullum. Bari, Bari, taso daga bakin rijiyar nan."

Na ce, "Atta, yi mini yadda take yi."

Ta yi dariya ta rufe baki. "Ni? Wallahi Yaya ban iya ba."

"Kin ji ta kullum. Rufe ido ki yi."

Ta ajiye taɓarya, ta goge hannu, ta rufe ido ta faɗa. Muryar Atta ce. Na ce ta sake, ta sake, ta ɗan matse maƙogwaro, ta fito kamar mai kiran kaji. Na ce siririya ce ko mai kauri? Ta ce siririya, sannan ta ce a'a, da ɗan kauri a ƙasa. Na ce tana jan sunan ne ko tana yanke shi? Ta ce, "Kamar tana ja. Ko kuwa... Yaya, ki gafarce ni, ni maganar na riƙe, ban riƙe muryar ba." Na tambayi Illa, na tambayi maƙwabciyarsu da take jiyowa ta danga. Kowa ya ji, kowa ya faɗa mini kalmomin daidai. Ba wanda ya kalli ƙafafu a gindin tsamiya a cikinsu, ban ga laifinsu ba.

Na kwana uku na dawo. In kuna son sana'ar, gobe ku zo da sassafe in kai ku kasuwa, ku bar bakinku a gida. Zan ba ku mahauci, zan ba ku mai igiya, zan ba ku duk wanda ya ci goronmu. Hajo ce ba zan ba ku ba. Ina da ƙafarta, ina da hannunta, ina da rabin dariyarta, yanzu kuma ina da abin da take cewa. Muryar ce ban karɓa ba.